Ɗumamar yanayi: Ƙadangaru masu haihuwa na cikin haɗari

A shekarar 2019, masu bincike a Jami'ar Sydney da ke Ostireliya sun ba da labarin wata kulɓa da ta saka ƙwai uku, bayan wasu makonni kuma ta haifi ɗa da ransa, duk daga ciki ɗaya.

Lamarin ya sake ta da tsohuwar tambayar da masana ke yi: me ya sa wasu ƙadangaru da macizai suka bar saka ƙwai suka koma haihuwa?

Kimanin kashi 20 cikin 100 na nau'o'insu haihuwa suke yi, kuma masana sun ce wannan sauyi ya auku fiye da sau 100 a zuriyoyi daban-daban.

Bayanin da ya fi karɓuwa shi ne sanyi. Ƙwan da aka binne a kan tsauni mai tsananin sanyi yakan daɗe bai ƙyanƙyashe ba, ko ya lalace. Amma idan uwar ta riƙe shi a cikinta, duk inda ta bi hantsi tana tare da shi, ɗuminta ya zama nasa. A hankali ɓawon ƙwan kan yi ta raguwa, har ya zama 'yar tantani.

Sai dai abin yana da tsada. Mai ciki ba ta da saurin tsere wa shaho, kuma idan aka kama ta, an kama har da 'ya'yan.

Ba kuma sanyi kaɗai ba ne dalili. Kasa, wadda manoma a ƙasar Hausa suka sani sarai, haihuwa take yi duk da zafin yankin, alhali kububuwa ƙwai take sakawa.

Abin da ke damun masana shi ne dabarar da ta ceci waɗannan halittu daga sanyi ta zame masu matsala. Wani bincike da Barry Sinervo ya jagoranta, wanda mujallar Science ta wallafa a 2010, ya duba wurare 200 a Meziko, ya gano cewa ƙadangaru sun ɓace a kashi 12 cikin 100 na wuraren tun daga 1975.

Zafi kan tilasta masu fakewa a inuwa a lokacin da ya kamata su nemi abinci, abin da ke hana matan samun ƙarfin ɗaukar ciki. Binciken ya nuna haɗarin ya fi yawa ga masu haihuwa, waɗanda da yawansu ke zaune a kan tsaunuka, inda babu sauran wuri mai sanyi da za su hau.