Mai gyaran walet na gaskiya ba ya tambayar kalmominka

Jama'a, wannan rubutun yana da ɗan tsawo, amma ku daure ku kai ƙarshe, musamman masu riƙe da guruf da shafukan kirifto.

Tun da Notcoin ta fashe a watan Mayun 2024, harkar mainin ta shiga gida-gida a Arewa. Ɗalibi, mai shayi, matar aure, ma'aikacin gwamnati, kowa yana dangwalar waya. Hamster ta zo a ranar 26 ga Satumba ta bar mutane da hamma. Pi kuma, wadda 'yan baiwa suka yi ta jira tun 2019, ta shiga kasuwa a ranar 20 ga Fabrairun 2025. Wasu sun samu, wasu sun tashi da asarar data da barci. Amma akwai abu ɗaya da guguwar ta bar mana: ɗimbin mutane suna riƙe da walet a wayoyinsu, ba kuma wanda ya zaunar da su ya faɗa musu mene ne walet ɗin.

Daga nan wata sabuwar sana'a ta ɓullo, ta masu "gyaran walet" da masu buɗe shafuka da guruf na koyarwa. A cikinsu akwai mutanen kirki da suke kwana suna amsa tambayoyin jama'a kyauta, Allah ya saka musu. Akwai kuma kuraye da suka yafa fatar akuya. Ra'ayina shi ne, yawancin asarar da nake gani a tsakaninmu ba wani gwanin kutse ne ke jawo ta ba. Mutum ne ke miƙa mukullinsa da hannunsa a lokacin da yake neman taimako. Kuma masu guruf suna da kaso a cikin alhakin, ko sun so ko sun ƙi.

Bari mu fara daga tushe. Walet ba ta ɗauke da kuɗinka. Kuɗin suna rubuce ne a kan bulokcen, wato babban kundin da kowa ke iya dubawa. Abin da walet ke riƙe maka shi ne mukulli, kuma mukullin shi ne kalmomin nan 12 ko 24 da aka nuna maka ranar da ka buɗe ta. A yawancin walet ana zaɓo su ne daga wani jerin kalmomin Turanci guda 2048. Ta Pi kalmomi 24 ce. Duk wanda ya samu waɗannan kalmomi a jere, zai buɗe walet ɗinka a tasa wayar, ko yana Legas ko yana Rasha, ba ya buƙatar lambar sirrin wayarka ko zanen yatsanka. In ya kwashe, ya kwashe ke nan. A banki za ka je reshe ka yi ƙorafi, a bi sawun asusun da kuɗin suka faɗa ta BVN, wani lokacin har a toshe shi. A nan babu manaja, babu reshe, babu wanda ke da ikon dawo da abin da ya riga ya fita.

Matsalar ita ce mu mun saba da wata irin yarda. Dattijo ya miƙa wa yaron POS katinsa har da lambar sirri. Ka kai waya gyara Farm Centre ka bar ta a buɗe ka tafi sallah. Yarinya ta ba mai kafe duk bayananta ya cike mata JAMB. Wannan yardar tana tafiya ne saboda ka san shagonsa, ka san maigidansa, in ta ɓaci ka san ƙofar da za ka buga. Shi kuwa wanda ya shigo maka ta inbos da hoton wani da sunan wani, ina za ka same shi gobe?

Yanzu ku duba matsalolin da mutane suka fi kawowa, ku gaya min wacce ce ke buƙatar kalmomin sirri.

"An turo min kuɗi ban gan su ba." Sau da yawa kuɗin suna nan, ba ka ƙara kwandalar a jerin da walet ke nunawa ba ne, ko kana duba wani layin daban. Adireshinka kawai za a saka a Tronscan ko BscScan ko Tonviewer a ga komai. Adireshi kamar lambar asusun banki ne, ba laifi don ka bayar.

"Ina da USDT amma ta ƙi fita." Ba ka da kuɗin gas ne. A layin Tron sai da ɗan TRX, a na BNB sai da ɗan BNB. Mota ce cike da kaya babu mai a tanki.

"Na tura, bai isa ba." A duba layi. Adireshin Tron da T yake farawa, na Ethereum da na BNB da 0x. Haka kuma in za ka tura TON zuwa kasuwar canji da ta ba ka memo, ka manta ba ka saka ba, kuɗin za su isa kasuwar amma ba za a san naka ba ne. Maganinsa shi ne ka buɗe ƙorafi a cikin manhajar kasuwar da kanka, ka ba su lambar cinikin.

"Manhajar ta daskare." Ka tabbatar kalmominka suna rubuce a takarda, sannan ka sabunta ta daga inda ka sauke ta tun farko.

Kun gani? Adireshi, lambar ciniki, hoton saƙon da ya fito a fuskar waya. Iyakar abin da mai gyara ke buƙata ke nan. Wuri ɗaya tak ake rubuta kalmomin nan: lokacin da kai da kanka kake dawo da walet ɗinka a sabuwar waya, a cikin manhajar asali.

Su ma ɓarayin hanyoyinsu ba su da yawa, maimaitawa suke yi. Ka rubuta matsalarka a guruf, kafin minti biyar wani ya biyo ka ta bayan fage da hoton admin, yana "ranka ya daɗe, turo mu duba maka". Ko a ba ka linki a ce ka shiga ka "tantance" walet ɗinka, shafin ya yi kama da na gaske sak, sai dai harafi ɗaya ya bambanta a adireshin. Ko a ce ka haɗa walet ka karɓi kyauta, ka danna amincewa ba ka karanta ba, ashe izinin kwasar kuɗinka ka sa wa hannu. Akwai ma masu jefa kalmomin wata walet a fili kamar bisa kuskure, ka buɗe ka ga daloli a kwance, ka tura kuɗin gas don ka kwashe, kafin ka ƙifta ido gas ɗin ya wuce. Banza dai ba ta kai zomo kasuwa. Mafi rashin imani a cikinsu shi ne wanda ke zuwa bayan an yi maka satar, ya ce zai dawo maka da kuɗinka in ka biya wani abu.

To, malamai masu guruf da shafuka, ga inda nake da magana da ku.

Kai ne ka tara mutum dubu biyar. Da linkinka suka yi rajista, kai ka ci kamashon gayyata, da yawansu kake nuna wa masu ba da talla. Ranar da aka wanke ɗaya daga cikinsu a ƙarƙashin rumfarka, sai ka ce "ai kowa ya yi nasa binciken". Wane bincike matar da ba ta jin Turanci za ta yi, alhali gargaɗin da walet ke nunawa da Turanci yake? In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari.

Abin da nake ganin ya wajaba a kanku ba shi da wahala. Ku liƙa sanarwa a saman guruf, da Hausa, har da saƙon murya saboda waɗanda karatu ke ba wuya, cewa admin ba zai taɓa fara yi wa kowa magana ta inbos ba, kuma ba zai taɓa neman kalmomi ba. Duk gyaran da za a yi, a yi shi a fili inda kowa ke gani, don wasu su ƙaru, maƙaryaci kuma ya ji kunya. Kada ku saka linkin da ba ku gwada da walet marar komai ba. In an biya ku kuɗin talla, ku faɗa. In kuna da shafin intanet, ku riƙa bin tsofaffin rubuce-rubucenku, domin adireshin da yake na gaskiya bara yana iya mutuwa bana wani ya saye shi ya kafa tarko. Kuma ku daina yi wa wanda aka cuta dariya. Dariyar nan ce ke sa mutane yin shiru, shirun kuma ke ba ɓarawo damar cin mutum goma da dabara ɗaya.

Wanda tsoron Allah bai hana shi ba, to ya tuna da hukuma. Bayan rushewar CBEX a watan Afrilun 2025, an ga yadda jama'a suka koma kan waɗanda suka shigar da su. Dokar zuba jari ta 2025 ta sa kadarorin kirifto a ƙarƙashin kulawar SEC, ta kuma tanadi tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba, ko ɗaurin shekara 10, ko duka biyun, ga masu harkar Ponzi. "Ni ma turo min aka yi" ba zai zama kariya mai ƙarfi ba ranar da aka zo.

Na san wani zai ce, to wanda bai iya ba fa, dole ai wani ya taimaka masa. Gaskiya ne. Amma a taimaka masa yana zaune a gefe, wayar tana hannunsa. In an zo wajen kalmomi, mai taimako ya kau da kai, mai walet ya kwafa da hannunsa a takarda. Ban da ɗaukar hotonsu, ban da tura wa kai a WhatsApp, ban da ajiyewa a imel. Wani kuma zai ce gara a bar kuɗin a kasuwar canji a huta. Ga sabon shiga mai 'yan kuɗi kaɗan, wannan ba wauta ba ce, don in ya manta lambar sirri akwai hanyar dawowa. Sai dai ya sani amana ya bayar, kuma waɗanda suka bar dukiyarsu a FTX sun ga yadda ta kaya a Nuwamban 2022. Kowace hanya da nata haɗarin, aikin mai koyarwa shi ne ya faɗi duka biyun.

Sai maganar da ba mu son yi, wato mutuwa. In ka ɓoye kalmomin nan yadda ba wanda ya san inda suke, ranar da ta Allah ta kasance haƙƙin magada ya tafi har abada, ba kotun da za ta iya buɗewa. Ka rubuta, ka rufe a ambulan, ka ajiye inda kake ajiye takardun gida ko na gona, mutum ɗaya amintacce ya san da zamansa.

In kuma ka riga ka tura wa wani kalmominka, ko ka rubuta su a wani shafi, kada ka tsaya canza lambar sirri, ba ta da amfani a nan. Ka buɗe sabuwar walet yau, ka kwashe abin da ya rage ka mayar can, tsohuwar kuma ka ɗauka ta zama ta kowa.

Ku tura wa iyayenmu da ƙannenmu da ke wannan harka, ku karanta wa wanda ba zai iya karantawa ba. Masu guruf kuma ina jiran ku a ƙasa, wanda yake ganin na zalunce su ya zo mu tattauna cikin mutunci.

Allah ya tsare mana guminmu, ya ba mu na halal mai albarka.