Lambu Da Gona: Ciwon Wistariya A Gindi Yake

Wistariya wata shuka ce mai yaɗo, dangin wake da gyaɗa, wadda asalinta ƙasashen Sin da Japan ne da gabashin Amurka. A shekarar 1816 aka kai irin na Sin Ingila, kuma tun daga nan masu lambu suke ɗora ta a bangon gidajensu saboda furanninta masu ruwan shuni da ke zubowa zara-zara a watan Mayu.

To, amma kukan da masu ita suka fi yi shi ne, sai shuka ta shekara ashirin lafiya lau, rana ɗaya a wayi gari ganyenta ya yi yaushi, rassa su bi su bushe. Da yawa sai su ƙara mata ruwa, ko su yi ta fesa magani a ganye, alhali kuwa ciwon a gindi yake.

Dalili na farko shi ne rabuwar aure. Wistariyar da aka shuka daga iri takan yi shekaru da dama, wani lokaci har ashirin, ba ta yi fure ba, shi ya sa ake aura reshen mai kyau a kan gindin wata, kamar yadda ake yi wa mangwaro. Idan mahaɗar ba ta kama sosai ba, takan rabu bayan shekaru, ruwa ya daina hawa, sama ya mutu. Alamar wannan ita ce a ga sababbin tsirrai suna fitowa daga ƙasan mahaɗar.

Na biyu shi ne ruɓewar saiwa. Inda ruwa ke kwanciya, ƙwayar cutar da masana ke kira Faitoftora takan cinye saiwoyi, watau ƙarin ban ruwa ƙarin ciwo ne. Akwai kuma wani naman gwari da ke shimfiɗa farin abu tsakanin ɓawo da itace. Wanda ya kama, sai dai a tumɓuke shi. Na uku ƙishirwa ce, domin ƙasar gindin bango ba ta samun ruwan sama sosai. Har ila yau, a 2001 an gano wani ƙwaro mai ɓawo a Landan wanda ke tsotse ruwan rassanta.

Wannan magana ta shafi masu lambun lemo a ƙasar nan, gama dangin Faitoftora ne ke sa gindin lemo zubar da ƙaro har bishiya ta mutu. Saboda haka a dasa aurarren dashe mahaɗarsa tana sama da ƙasa, kada a tara mata ƙasa, kada kuma a bar ruwa ya kwanta a gindi. In ganye ya yi yaushi, kafin a sayi magani sai a durƙusa a duba gindi tukuna, domin ruwa ba ya tsami banza.