Dogon Dutsi ba shi da teku, amma yana da hanyoyin da baƙi za su biya su taka

A shekarar 2023 baƙi fiye da miliyan 30 ne suka shiga ƙasar Girka domin yawon buɗe ido. Da yawansu sun nufi tsibiran Santorini da Mykonos, inda cunkoso ya kai matsayin da gwamnati ta ɗora harajin euro 20 a kan duk wanda ya sauka daga manyan jiragen ruwa a lokacin da baƙi suka fi yawa. Amma akwai wasu matafiyan da ke gudun wannan hayaniya, su nufi tsibiran da ba su yi suna ba, irin su Andros. Abin da ke kai su can ba ya wuce abu biyu: rairayin bakin teku da babu turmutsutsu, da tsofaffin hanyoyin ƙafa da ke ratsa duwatsu daga ƙauye zuwa ƙauye.

Waɗannan hanyoyi na Andros kakanninsu ne suka shimfiɗa su domin jakuna da alfadarai. Da motoci suka zo, sai aka yi watsi da su, ciyawa da ƙaya suka cinye su. Daga baya wasu masu aikin sa-kai na tsibirin suka share su, suka kafa alamomi, suka buga taswira. A 2015 ƙungiyar masu tattaki ta nahiyar Turai ta ba hanyar, mai tsawon kimanin kilomita 100, shaidar inganci. Yau baƙo yana hawa dutse da safe, ya yi wanka a teku da yamma, ya kwana a ƙaramin masauki, ya ci abincin da aka dafa a ƙauyen. Kuɗinsa yana shiga aljihun mai masauki da mai abinci da ɗan rakiya.

Ra'ayina shi ne, ƙasar Arewa ta Jamhuriyar Nijar, wato gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri a jihar Doso, tana da rabin abin da Andros ke sayarwa, kuma rabin ya isa a fara. Teku dai babu. Duwatsu da tsofaffin hanyoyi da tarihi kuwa, Allah Ya hore su. Abin da ya rage shi ne mu daina jiran Bature, mu shirya su domin mutanenmu.

Duk wanda ya bi babbar hanya daga Yamai zuwa Birnin Konni ya san jajayen duwatsun da ke tsaye a kan garin Dogon Dutsi, waɗanda garin ya samo sunansa daga gare su. Daga samansu ana hango kwarin Dallol Mauri, tsohon gulbin da ya ƙafe amma ruwansa ke kusa a ƙarƙashin ƙasa, da tafkin garin, da lambunan da ake noman dankalin Turawa da kayan miya a lokacin rani. A arewa akwai Matankari, tsohon mazaunin Sarkin Arewa, da Bagaji, garin Baura. A kudu akwai Tibiri da sarautar Samna, da Gecheme da Kore Mairuwa. Tsakanin waɗannan garuruwa akwai hanyoyin ƙafa da fatake da makiyaya da masu zuwa cin kasuwa suka daɗe suna bi.

Sai kuma Lugu. A nan ne a watan Afrilun 1899 Sarauniya Mangu da mutanenta suka tari rundunar Voulet da Chanoine, wadda ta bar kisa da ƙone-ƙone a duk inda ta bi, kafin ta wuce ta yi wa Birnin Konni ɓarna. Abdoulaye Mamani ya rubuta littafi a kanta a 1980, Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986, fim ɗin kuma ya lashe babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1987. Tun 2006 Nijar ta sanya Lugu a jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihi na duniya. A 'yan shekarun nan sunan Sarauniya bai bar bakin masu jawabi a Yamai ba. To amma ɗalibai nawa ne daga cikin waɗanda ke haddace sunanta a aji suka taɓa taka ƙasar Lugu?

Mai karatu zai ce, wa ke maganar yawon buɗe ido a wannan hali da ake ciki? Tambayar tana kan hanya. A ranar 9 ga Agustan 2020 'yan bindiga suka kashe Faransawa shida da 'yan Nijar biyu a Kure, inda ake zuwa kallon raƙuman dawa, kuma tun daga lokacin masu rakiyar baƙi a wurin suka shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi. A watan Yunin 2024 an kashe sojoji shida masu gadin bututun man fetur a yankin Tibiri. Duk wanda ya ce a kwashi baƙi a kai su daji yau ba tare da la'akari da wannan ba, wasa yake da rayukan mutane.

Sai dai darasin Kure yana da fuska ta biyu. Sana'ar da ta dogara da baƙin waje kaɗai, rana ɗaya take rushewa: ofishin jakadanci ya fitar da gargaɗi, shi ke nan, an rufe kasuwa. Baƙon gida ba haka yake ba. Ma'aikacin da ke Yamai ko Doso ko Maraɗi, ɗalibin jami'a, ɗan Arewa da ke ci-rani ya dawo gida da iyalinsa, da 'yan uwa daga Kangiwa da Argungu da Sakkwato a hayin iyaka, duk sun san ƙasar, sun san lokacin da hanya ta yi kyau da lokacin da ba ta yi ba. Argungu ta nuna cewa Bahaushe yana kashe kuɗi domin ya je kallon al'adarsa, har bikin kamun kifinta ya shiga kundin UNESCO a 2016. Idan mutum zai yi tafiyar yini domin ya ga masunta, zai iya yin tafiyar sa'o'i domin ya tsaya a inda aka tari Voulet.

Saboda haka a fara da abin da ke kusa, wanda ake iya tsarewa. Ma'aikatar magajin garin Dogon Dutsi za ta iya ware hanya guda ta kilomita biyar ko shida da ke tashi daga cikin gari, ta hau dutse, ta sauko ta gefen lambuna da tafki, ta dawo kasuwa. A share ta, a shafa fenti a kan duwatsu domin alama, a kafa rumfuna biyu ko uku da randunan ruwa. A zaɓi matasa a zaunar da su gaban dattawa da malaman tarihi su koyi labarin kowane wuri, a ba su katin shaida, a tsayar da kuɗin rakiya a rubuce domin kada a yi ta ciniki da rigima. Kowace makarantar sakandare ta jihar Doso ta sanya wannan fita a cikin tsarin shekararta, tsakanin Nuwamba da Fabrairu, lokacin da sanyi ke bari a yi tafiyar ƙafa. Wannan aiki ba ya buƙatar otal mai hawa biyar ko bashin banki. Mutanen Dutsi sun riga sun saba da jera duwatsu a gangara domin rage ƙarfin ruwan da ke yi wa gari ambaliya, aikin da suka yi shekaru suna yi tare da abokansu na garin Orsay a Faransa. Hannun da ya iya wancan ya iya gyara hanyar ƙafa.

Lugu da Bagaji kuwa sai a bi a hankali, a jira tsaro ya inganta, sannan a nemi yardar masu wurin. Sarautar Sarauniya ba ta mutu ba, kuma dutsen Tunguma da sauran wuraren da mutanen can ke girmamawa suna da ƙa'idojinsu. Su ne za su faɗi inda baƙo zai tsaya, da abin da zai ɗauka a hoto, da kason da zai shiga asusun ƙauye. Akwai kuma masu ganin zuwa irin waɗannan wurare raya tsafi ne. Amsar ita ce, ziyarar tarihi daban, bauta daban. Musulmi na zuwa kallon dalar Fir'auna a Masar, su dawo da imaninsu, har ma da ƙarin wa'azi. Yaron da ya san yadda kakanninsa suka rayu kafin Musulunci ya game ƙasar, ba abin da ya ragu a addininsa.

Abin da ake tsoro shi ne jinkiri. Dattawan da suka san sunan kowane kwazazzabo da labarin kowace rijiya suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, matasan da ya kamata su gaje su kuma suna kan hanyar Legas da Kwatano da Agadas neman abin kai wa baki. Mutanen Andros ba su jira baƙi sun zo kafin su ɗauki lauje da fenti ba. Idan majalisar gari da masarauta da shugabannin makarantu suka zauna a bana, babu abin da zai hana ɗaliban farko su hau dutsen da ɗan rakiya mai katin shaida kafin sanyin baɗi ya wuce.