Mantuwa Ma Makami Ce a Hannun Mawaƙi

Tun muna firamare aka koya mana cewa mantuwa kasawa ce, wanda ya mance karatun jiya kuwa bulala ce rabonsa. A ganina wannan hukunci bai dace da waƙar baka ba, kuma ya kamata mu ɗaliban harshe mu sake duba lamarin.

Mu ɗauki marigayi Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999. Duk wanda ya saurari Bakandamiya a kaset biyu ko uku zai ji ba su zo ɗaya ba. Wani ɗan waƙar ya fita, wani sabo ya shigo, wani kuma ya sauya wuri. Abin da ya tsaya shi ne turke da amshi da kiɗan kalangu. Da Shata ya haddace kowace kalma, ina zai sami gurbin saka mutumin da ya shigo fili yanzu-yanzu? Gurbin da mantuwa ta bari shi ne inda sabuwar fasaha take zama.

Ba a ƙasar Hausa kaɗai ake haka ba. Daga 1933 zuwa 1935 wani masani ɗan Amurka, Milman Parry, ya ɗauki muryoyin mawaƙan gargajiya a tsohuwar Yugosilabiya, ɗalibinsa Albert Lord kuma ya ci gaba da aikin. Sun gano cewa mawaƙin yakan ce waƙarsa ba ta canja ba, alhali kowane rerawa sabon gini ne a kan tsofaffin tubala. Haka kuma a 1960, a birnin Balin na Jamus, mawaƙiya Ella Fitzgerald ta mance baitocin wata waƙa a gaban jama'a. Ba ta tsaya ba, sai ta ƙirƙiri wasu nan take, faifan kuwa ya samo mata lambar yabo ta Grammy.

Wani zai ce ai wannan ɗaure wa lalaci gindi ne. A'a. Sai wanda kari ya zauna masa a jiki yake iya sakin kalma bai faɗi ba. Rubutacciyar waƙa kuwa, irin ta Aƙilu Aliyu, hukuncinta daban ne, domin marubucin ya riga ya tsayar da kowane baiti da ƙafiyarsa.

Abin da ke damuna shi ne yadda muke juyar waƙoƙin baka a kundayen kammala digiri. Sai mu ɗauki kaset ɗaya mu ce shi ne na asali, sauran kuma kuskure. Da haka muke binne rabin gwanintar mawaƙin. Ya 'yan'uwana ɗalibai, mu riƙa tattara rerawa biyu ko uku, mu rubuta wuri da lokacin kowanne, sa'annan mu nazarci abin da aka bari da abin da aka ƙara. In kiɗa ya canja, dole rawar manazarci ma ta canja.