RA'AYINMU: Yaushe Jirgin Ƙaura Zai Shiga Kwamfuta?

'Yan'uwa ɗalibai, duk wanda ya zaga ɗakunan kwananmu da daddare zai iske wani sabon abin hira ya shigo. Sai ka ga samari sun yi tsugune kewaye da kwamfuta guda, ɗaya na tuƙa jirgin ƙasa cikin duwatsun Turai, sauran na gardama a kan wane wasa ne ya fi kyan zane, wane ne kuma ya fi yawan hanyoyi da kawunan jirgi. Wasu na ganin wannan shiririta ce. Mu dai a ganinmu akwai magana a ciki, kuma maganar ta shafi Zamfara kai tsaye.

Bari mu fara da asalin abin. A shekarar 2001 kamfanin Microsoft ya fitar da wasan da ake kira Microsoft Train Simulator, inda mutum ke zama a kujerar direba, ya saki birki, ya kiyaye sigina, ya tsaya a tasha kan lokaci. Hanyoyi 6 aka sa a cikinsa: 2 a Amurka, 2 a Japan, 1 a Ingila, 1 a Austiriya. A wannan shekara kuma wani kamfani na Australiya ya fito da Trainz. Daga baya kamfanin Dovetail Games na Ingila ya shahara da Train Simulator, sa'an nan a 2017 ya kawo Train Sim World, wanda zanensa ya kai ga nuna ɗigon ruwan sama a gilashi da inuwar bishiya a kan dogo.

Kyan zanen nan yana da tsada iri biyu. Ta farko, sai kwamfuta mai ƙarfi ke iya ɗaukarsa, irin wadda ɗalibin da ke lissafin kuɗin abinci ba ya ko mafarkinta. Ta biyu, wasan da ka saya ba ya zuwa cikakke. Kowace sabuwar hanya, kowane sabon kan jirgi, ƙari ne da za ka biya daban. A kasuwar Gusau idan ka sayi mudun gero, gyara kyauta ake ba ka. Su kuwa waɗannan gyaran ce hajarsu. Wanda ya ce sai ya mallaki dukan ƙarin Train Simulator, to, dubban daloli zai zuba. Bayan ya zuba ɗin me zai samu? Galibi hanyoyin Ingila da Jamus da Amurka. Wanda ya shiga neman Tsafe ko Gusau a jerin zai daɗe yana nema.

Alhali kuwa muna da hanyar da ta cancanta. Dogo ya isa Kano a 1911, kana a 1929 aka kammala reshen da ya tashi daga Zariya, ya ratsa Funtuwa da Tsafe da Gusau, ya tuƙe a Ƙauran Namoda, tafiyar fiye da kilomita 200. Ƙaramin dogo ne, mai faɗin ƙafa 3 da inci 6, watau milimita 1,067. Turawa ba don son mu suka shimfiɗa shi ba, sai don kwasar gyaɗa da auduga da fatu zuwa bakin teku. Duk da haka shi ya ɗaga Gusau ta zama birnin ciniki, ya jawo injinan gurzar auduga, ya tara baƙi daga kudu da arewa a Sabon Gari. Tsakanin Tsafe da Gusau kuma ga Dutsen Kwatarkwashi a tsaye, wanda in da a wata ƙasa yake, da tuni an zana shi an sayar mana. Yau an yi shekaru jirgin fasinja bai zama abin dogaro a wannan hanya ba, har akwai matasa da yawa a Bunguɗu da Tsafe da ba su taɓa shiga tarago ba.

Abin da ke ba mu tsoro shi ne abin da ya sami ƙaramin dogon Zariya zuwa Jos. An buɗe shi a 1914, aka rufe a 1957, aka kwashe ƙarafan. Mutum nawa ne a cikinmu zai iya nuna inda ya bi? Tsofaffin ma'aikatan reluwe da suka san kowace gada da kowane hawa na layin Ƙaura suna ta raguwa, gine-ginen tasha na tsufa, ɓarayin ƙarfe kuma ba su bar dogon ƙasar nan ya huta ba. Abin da ba a auna ba, ba a zana ba, ba a rubuta ba, ranar da ya ɓace ya ɓace ke nan.

A nan ne wasan yake da amfani. Tun farko masu waɗannan wasanni sun sa kayan aikin da mutum zai gina hanyarsa da kansa. Akwai kuma Open Rails, wanda masu sha'awa suka haɗa, kyauta ne, yana karɓar hanyoyin da aka yi wa tsohon wasan Microsoft, kuma ba ya bukatar kwamfuta mai tsada. Da irin waɗannan kayan ne matasan Indiya suka zana hanyoyin ƙasarsu da jiragensu, ba su jira wani kamfani a Ingila ya tuna da su ba. Zanensu bai kai na Train Sim World sheƙi ba, amma wanda ya tuƙa ya san a gida yake. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Mun san za a ce mana: ana fama da 'yan bindiga a Tsafe da Bunguɗu, wuta ba ta zama, jirgi na gaske bai zo ba, ku kuna zancen na wasa? Wannan magana tana da nauyi, ba mu raina ta ba. Ba mu manta da harin 28 ga Maris, 2022, da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna ba, kuma ba mu ce wani ɗalibi ya shiga daji da ma'auni ya sayar da ransa ba. Hotunan tauraron ɗan'adam na nuna inda dogo ya bi, tsofaffin taswirori na nan a ɗakunan karatu, tsofaffin ma'aikata kuma a cikin gari suke zaune. Jirgin kwamfuta ba zai kai buhun masara ko ɗaya kasuwa ba. Amma wanda ya gina shi dole ya koyi karatun taswira, da lissafin hawa da gangara, da zane, da tsarin sigina. Wannan ilmi ne ƙasar za ta nema, ga shi an buɗe layin Abuja zuwa Kaduna a 2016, an kuma aza harsashin na Kano zuwa Maraɗi a 2021. In ba mu koya ba, baƙi za su gina, baƙi su gyara, mu tsaya kallo kamar yadda kakanninmu suka yi a 1929.

Saboda haka muna kira ga ƙungiyoyin ɗalibai na sassan kwamfuta da tarihi da labarin ƙasa da injiniya su haɗa kai a kan aiki guda. Kada a ce za a fara da dukan layin. A ɗauki Tsafe zuwa Gusau tukuna. Masu tarihi su ɗauki muryar dattawan reluwe, masu labarin ƙasa su fitar da taswira, masu kwamfuta su gina. Muna roƙon malamai su karɓi irin wannan a matsayin aikin kammala digiri, a Jami'ar Tarayya ta Gusau ko a Jami'ar Ahmadu Bello, inda layin ya faro. In an gama a raba shi kyauta, da sunayen tashoshi da sanarwa cikin Hausa.

Ga masu gardamar dare kuwa, shawararmu ita ce ku riƙe kuɗinku. Kafin ku sayi wata hanya ta Jamus, ku tambayi kanku ko kun san tasha nawa ce tsakanin Funtuwa da Ƙauran Namoda. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma babu wanda zai zo daga Ingila ya zana mana Kwatarkwashi.