Ciwon Gaɓoɓin Iyayenmu Mata Ba Raki Ba Ne

Jama'a, a unguwanninmu na nan Kudu iyayenmu mata da yawa suna fama da ciwon gwiwa da kwankwaso da tsamin jiki, amma sai a ce musu tsufa ne, su yi haƙuri. Mu dai ba mu yarda ba.

Mace takan daina al'ada tsakanin shekara 45 zuwa 55. Daga nan sinadarin estirojin yakan ragu a jikinta, ƙashi ya yi rauni, gaɓoɓi su riƙa ciwo. Wannan lalura ce da likita zai duba.

Abin da muke tsoro shi ne haɗin ƙwayoyin da ake saye a kemis ko hannun 'yan talla. Yawan shan diclofenac da ibuprofen yana jawo gyambon ciki, yana lalata ƙoda. Dexamethasone kuwa ƙara cinye ƙashi yake yi.

Don haka muna kira ga magidanta da 'ya'ya su kai su asibiti, a gano ainihin ciwon. A taimaka musu da tattaki kullum, da nono da ƙananan kifi, a kuma sauke musu ɗaukar ruwa da daka. Haƙƙinsu ne a kanmu.

Allah Ya ba su lafiya, amin.