Wa ke bin sawun waɗanda suka daina zuwa asibiti?

Duk shekara idan 10 ga Oktoba ta zagayo, ranar da duniya ta ware wa lafiyar ƙwaƙwalwa, sai wani babba ya hau mumbari ya ce mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya na fama da lalurar ƙwaƙwalwa. Wannan ya ce miliyan 40, wancan ya ce 50, wani ma ya kai ta 60. A tafa, a ɗauki hoto, a watse. Ban taɓa ganin wanda ya ɗaga hannu ya ce, ranka ya daɗe, a wane gari aka yi wannan ƙidaya, kuma yaushe ba.

Babban binciken da aka bi gida-gida, wanda masana ke kafa hujja da shi har gobe, shi ne wanda Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya jagoranta tsakanin 2001 da 2003, tare da Hukumar Lafiya ta Duniya. Kashin farko da aka buga a 2006 ya shafi mutum kusan 5,000 a jihohin da ake jin Yarbanci. An gano cewa kimanin 12 cikin 100 sun taɓa yin wata lalurar ƙwaƙwalwa a rayuwarsu, kuma cikin waɗanda ciwon ya yi wa tsanani, kusan 8 cikin 100 ne kawai suka sami magani a shekarar. Aiki ne mai kyau. Amma an yi shi kafin rikicin Boko Haram, kafin 'yan bindiga su tashi ƙauyukan Zamfara da Katsina, kafin kodin da tiramadol su cika unguwanninmu. Yarinyar da aka haifa a lokacin, yau tana goye da nata ɗan.

Sai dai tsufan alƙaluma bai kai wani abu damuna ba. Na yi aiki a sashen kati na wani asibitin gwamnati a Arewa, ɓangaren masu taɓin hankali, kuma na san abin da muke ƙirgawa. Ƙarshen wata ya yi, sai a buɗe rajista: sababbi nawa, tsofaffi nawa, an kwantar da nawa, an sallami nawa, nawa suka gudu, nawa suka rasu. A haɗa jimla, oga ya sa hannu, a tura sama. Duk lissafin a bakin ƙofa yake tsayawa. Da mutum ya fita daga get, ya fita daga littafi.

Akwai wata kanta a bayan ofishinmu da fayil-fayil suka yi ƙura a kanta. Ka zaro ɗaya, na wata matashiya da aka kawo bayan haihuwar fari, ba ta barci, tana surutai, ta ƙi ba jaririn nono. Likita ya rubuta mata Largactil, ya rufe da cewa a dawo bayan sati biyu. Daga wannan layin sai farar takarda. Wataƙila ta warke. Wataƙila kuɗin mota ne ya gagara. Wataƙila maganin ya sandarar mata da wuya, yawu na zuba, uwar miji ta ce ai ga shi nan, maganin asibiti ya ƙara mata, alhali ƙwaya ɗaya ta Artane ko rage maganin zai iya gyara wannan. Wataƙila tana ɗaki a kulle. A rahotonmu na wata dai tana cikin waɗanda “aka duba”, kuma an gode mana da ƙoƙari. Mai shagon bakin asibitin ya fi mu sanin inda masu cin bashinsa suke.

Ko waɗanda suke dawowa ma, yadda ake auna su abin dubawa ne. Layi ya yi tsawo, likita ɗaya, domin ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta sha faɗin cewa ba su kai 300 ba a ƙasar mutum sama da miliyan 200. Sai ya ce, “Baba, yaya jikin nasa?” Uban ya ce, “Alhamdu lillahi, da sauƙi.” Bahaushe ko yana gargarar mutuwa haka zai amsa, ladabi ne da tawakkali, kuma babu laifi a ciki. Laifin na wanda ya rubuta wannan a matsayin sakamako ne. Tambayoyin da ke fito da gaskiya daban suke: yana barci da dare? Ya koma gona ko kasuwa? Da shi ake cin abinci ko a ɗaki ake miƙa masa? Tun zuwanku na baya an sake ɗaure shi? An sayi maganin duka, ko rabi? Minti biyu sun isa, kuma nas ko ma'aikacin lafiya na unguwa zai iya yi idan an ba shi takardar da ke da gurbin amsar.

Na san abin da za a ce: asibiti babu magani, babu wuta, kai kana maganar bincike. Ni kuwa ina ganin mai ƙaramin ƙarfi shi ya fi bukatar sanin inda kowace naira ta faɗa. Tun 1991 manufar ƙasa ta ce a shigar da kula da lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ƙananan asibitoci na matakin farko. An yi bita, an raba takardun shaida, an ci abincin rana. In da ana komawa bayan wata shida a duba mutum nawa wanda aka horar ya gani, da yadda suka ƙare, da tuni mun san irin horon da ke aiki da wanda ɓarnar kuɗi ne.

Kuma idan aka yi binciken da gaske, yakan karya abin da muka ɗauka mun sani. A 2004 likitoci daga Kano suka wallafa abin da suka ji daga bakin mutum 250 a ƙauyen Karfi. Mu 'yan boko mun saba cewa mutumin karkara komai aljanu yake ɗora wa. To, dalilin taɓin hankali da mutanen Karfi suka fi ambata shi ne shaye-shaye, aljanu da sammu suna can baya, kuma waɗanda suka zaɓi asibiti sun fi waɗanda suka zaɓi maganin malamai yawa. Ashe ba kullum jahilci ke hana mutane zuwa ba, sau da yawa nisa ne da tsada. Wanda bai san wannan ba zai ƙarar da kasafinsa a wayar da kai, alhali kantin maganin asibiti wayam.

Ga kuma batun gidajen mari. A Satumban 2019 'yan sanda suka fasa wani gida a Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutum sama da 300, da yawa da sarƙa a ƙafa, sannan aka yi irinsa a Daura. Rufe irin waɗannan wurare daidai ne, amma iyalan da suka kai 'ya'yansu can ba su daina bukatar inda za su kai su ba. A Ibadan da Kumasi ta Ghana an gwada wata hanya: ma'aikatan ƙananan asibitoci suna ziyartar wuraren masu maganin gargajiya da na addu'a, suna ba majinyata maganin asibiti a can, ana aiki tare. Aka bi mutum kusan 300 har wata shida, aka kwatanta, aka buga sakamakon a mujallar Lancet a 2020: waɗanda aka yi wa haɗin gwiwar sun fi samun lafiya. Dabarar ma tsohuwa ce, domin tun 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara sauke majinyata da danginsu a gidajen mutanen ƙauyen Aro, kusa da Abeokuta, yana aiki da masu maganin gargajiya. Shin za ta yi aiki da malaman ruƙiyya a Kano ko Sakkwato? Ina kyautata zato, amma zatona ba hujja ba ne. A gwada, a auna. Jami'o'inmu na Zariya, Kano, Sakkwato da Maiduguri suna da mutanen da za su iya, in za a ɗan rage binciken neman ƙarin girma, wanda ake raba wa ɗalibai takardar tambayoyi a aji, a buga da Turanci, a ajiye.

A Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, ta tanadi sashe na musamman a ma'aikatar lafiya da kuma asusu. Abin da nake roƙo daga wannan asusu kaɗan ne. Asibitocin ƙwaƙwalwa na Kaduna, Kware, Maiduguri da Dawanau, da na jihohi, kowanne ya sami ma'aikaci da katin waya wanda aikinsa kiran duk wanda ya tsallake ranar dawowa. Kowace shekara su faɗa wa jama'a, har a rediyo da Hausa, cikin kowane mutum 100 da suka fara magani nawa ne ke kai bayan wata shida, da dalilin waɗanda suka bari. Mai tantancewa ya zo daga waje, a sa waɗanda suka warke da danginsu a cikin masu tsara tambayoyin. Kada kuma a mayar da alƙaluman bulalar dukan nas-nas, domin na ga yadda lamba ke gyaruwa da kanta idan ma'aikaci ya san da ita za a hukunta shi.

Sharaɗi na ƙarshe shi ne sirri. Uba ba zai faɗi gaskiyar ciwon 'yarsa ba idan yana tsoron maganar ta kai kunnen dangin mai neman aurenta. Haka nan sashe na 231 na kundin Penal Code da Arewa ta daɗe tana aiki da shi ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara guda ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. Muddin iyali na tsoron ɗan sanda, yaron da ya sha fiya-fiya da gangan za a kawo shi ne a ce kuskure ya yi, mu kuma a sashen kati mu rubuta kuskure.